Yadda Ake Sharhin Labarin Binciken Kisa Mai Tsafi a Ciki Ba Tare da An Fasa Ƙwai Ba

Akwai wani nau'in ƙagaggen labari da ke haɗa abu biyu da a ƙa'ida ba sa ga-maciji. Na farko binciken kisa, inda komai ke tafiya da hujja: wa ya kashe, da me, yaushe, kuma don me. Na biyu duniyar almara, inda matsafi ke ratsa bango, gawa ta buɗe baki ta yi magana, aljani ya ari fuskar mutum. Marubutan yanzu kuma sukan cika irin wannan labari da taurari iri-iri, mabambanta a launi, harshe, addini, shekaru da lafiyar jiki, wasunsu ma ba bil'adama ba ne.

Yawancin sharhin da masu karatu ke yi wa irin waɗannan littattafai kashi biyu ne. Wani ya zayyano labarin tun daga gawa har zuwa kama mai laifi, wani kuma ya ce littafin ya yi daɗi, a nema a karanta. Babu wanda ya amfani mai neman shawara a cikinsu. Tambayar da ta kamata sharhi ya amsa ita ce ko marubucin ya yi wa mai karatu adalci. Ya ba shi duk abin da zai iya gano mai kisan da kansa? Mutanen da ya zuba a labarin, mutane ne ko cikon benci? Amsar tana buƙatar aiki tun daga shafin farko.

Shirin karatu

Ware shafi uku a littafin rubutu ko a wayarka. Na farko na dokokin tsafin ne: duk inda aka faɗi abin da sihiri ke iya yi ko abin da ya gagare shi, rubuta shi da lambar shafi. Na biyu na waɗanda ake zargi ne, kowa da layinsa, da abu uku a gabansa: dalilin da zai sa ya yi kisan, hanyar da zai bi, da inda ya ce yake lokacin da abin ya faru. Na uku na jerin lokaci ne, daga ganin ƙarshe da aka yi wa mamacin da rai zuwa tsintar gawa. Kada rubutun ya wuce layi ɗaya ko biyu a kowane babi. In ya fi haka karatun ya zama jarrabawa, kuma za ka rasa abin da sharhin ke buƙata daga baya, wato yadda labarin ya taɓa ka.

Dokokin tsafi su ne ƙashin bayan lamarin

A 1929 wani limamin Katolika ɗan Ingila, Ronald Knox, wanda shi ma yana rubuta labaran bincike, ya fitar da dokoki goma na wannan fanni. Ta biyu ta haramta duk wani abu na gaibu ko tsafi a wajen warware kisa. Hujjar a fili take: idan komai na iya faruwa, mai karatu ba shi da abin da zai auna. Labarin da muke magana a kai ya taka wannan doka da gangan, don haka sai ya biya diyya ta wata hanyar. Diyyar ita ce ya mai da tsafin abu mai iyaka da ƙa'ida, ya kuma sanar da mai karatu ƙa'idar kafin a zo warwara. Marubucin almara ɗan Amurka Brandon Sanderson ya tsara wannan a 2007 a matsayin dokarsa ta farko game da sihiri: gwargwadon yadda mai karatu ya fahimci tsafin, gwargwadon yadda marubuci ke da izinin warware matsala da shi.

Saboda haka ga kowane irin tsafi da ya bayyana, nemi amsar tambayoyi biyar. Wa ke iya yin sa, kowa ko ƴan tsiraru? Me yake ci wa mai yin sa, jini, ƙarfi, lokaci ko kayan haɗi masu wuyar samu? Ina iyakarsa ta nisa da daɗewa? Yana barin sawu da wani zai iya ganowa? Su wa suka san da shi a cikin labarin? Idan ka kai rabin littafi ba ka iya amsa uku daga cikin biyar ɗin ba game da tsafin da aka yi kisan da shi, ka rubuta hakan, domin da wuya ƙarshen ya gamsar.

Akwai tsafi iri huɗu da ke kashe bincike tun ba a fara ba: magana da matattu, tilasta wa mutum faɗin gaskiya ko karanta zuciyarsa, hango abin da ya wuce, da sauya kama ko ɓacewa daga wuri zuwa wuri. Duk marubucin da ya shigo da ɗaya daga cikinsu dole ya toshe ƙofar da ya buɗe. Ƙwararru sukan toshe ta da dabarar da ke ƙara wa labarin armashi. Mamaci zai yi magana, amma abin da ya gani kaɗai ya sani, shi kuwa ta baya aka soke shi. Tsafin gaskiya yana kama ƙarya, amma ba ya kama wanda ya yarda da abin da yake faɗa, ko wanda ya iya zaɓen kalmomi. Raggon marubuci kuwa sai ya ce matsafin da ke wannan aiki ya yi tafiya, ko ya manta da tsafin ɗungurungum bayan ya nuna shi a babi na biyu. Wannan mantuwa aibi ce da ta cancanci a ambata a sharhi.

Ga misali na ƙirƙira don a ga bambancin. A ce an tsinci gawar babban matsafin fada a ɗakinsa na saman hasumiya, ƙofar a rufe da hatimin da ba ya buɗuwa sai da jinin wanda ya ɗaura shi. A babi na 3 an gaya mana hatimin jini yake ganewa, ba fuska ba. A babi na 9, ana cikin wata hira ta daban, an ambaci cewa mamacin ya yanke a hannu kwana biyu kafin mutuwarsa, mai maganin fada ta ɗaure masa. Idan a ƙarshe aka ce ita ce ta ajiye tsumman da ya sha jinin ta buɗe ƙofar da shi, an yi adalci, domin duka guntayen biyu suna hannunka. Idan kuwa a babin ƙarshe aka fito da wani zobe mai ratsa bango da ba a taɓa ambata ba, an cuce ka. Akwai kuma wata cutar mai wuyar ganewa: a ce babi na 3 ya faɗi cewa sai jini mai ɗumi daga jikin mai rai, sannan a warware da busasshen tsumma. A nan marubucin ya karya dokar da ya kafa da kansa, kuma ba mai kama shi sai wanda ya rubuta lambar shafi.

Kishiyar wannan ma matsala ce. Wani marubucin, don tsoron a ce ya yi rufa-rufa, sai ya maimaita doka ɗaya sau huɗu ko biyar har mai karatu ya gane cewa a nan mabuɗin yake. Gwaninta ita ce a faɗi dokar sau ɗaya ko biyu a sarari, a binne ta cikin wasu dokokin da ba su da alaƙa da kisan.

Tsaya kafin a tona asiri

Kusan kowane labarin bincike yana da wurin da mai binciken ke nuna ya gano komai, ko ya sa a tara masa waɗanda ake zargi. Galibi yana zuwa ne a kashi ɗaya cikin biyar na ƙarshen littafi. Rufe littafin a nan. Rubuta sunan wanda kake zargi, yadda ya yi, dalilinsa, da shafukan da ka dogara da su. Minti goma ya isa. Amfanin wannan shi ne, da zarar mutum ya ga amsa sai zuciyarsa ta riƙa raya masa cewa dama ya sani, ko kuma ta ce babu yadda za a yi kowa ya sani. Rubutun ne shaidarka.

Idan ka canka daidai da hujja tun kafin rabin littafi, labarin ya yi sauƙi, ko kuma kai ka daɗe a fannin, kuma ya kamata ka gaya wa masu karanta sharhinka wanne ne. Idan ka canka daidai ba tare da hujja ba, don kawai mutumin ya cika kirki ko marubucin ya cika kawar da kai daga gare shi, to saƙar ta yi sako-sako. Idan ka kuskure kuma da ka waiwaya ka tarar hujjojin na nan ka tsallake su, wannan shi ne littafin da ya yi aikinsa. Idan ka kuskure kuma babu hujjar ko ɗaya, sai ka faɗa ba tare da kwana-kwana ba.

Bambance waɗannan biyun na ƙarshe sai an koma baya. Ba sai ka sake karanta littafin duka ba. Bi wuraren da mai laifin ya fito kaɗai, in kwafin na'ura kake da shi ka sa sunansa a wurin nema. Ƙidaya alamomin da ke nuna shi kafin tonon. Uku masu zaman kansu ma'auni ne mai kyau, ɗaya tak ta yi kaɗan. Duba kuma ko an shigar da kai cikin tunaninsa a wani babi aka nuna yana mamakin kisan shi kaɗai a ɗaki. In an yi haka, marubucin ne ya yi maka ƙarya, ba tauraron ba, kuma laifin ya fi girma. Su ma alamomin ɓad-da-sawu a duba su: duk wanda aka sa ka zarga a banza, ya kamata a bayyana abin da yake ɓoyewa da ya sa ya yi ta kame-kame.

Taurari iri-iri: aiki suke yi ko ado?

Wannan magana ta girmi zamaninmu. Doka ta biyar a jerin Knox ta hana sanya ɗan Sin a labarin bincike, saboda a labaran arha na lokacin baƙo ɗan Sin shi ne mugun da aka tanada, da ya leƙo an san wa za a kama. Lafazin dokar ba ya daɗin ji a yau, amma cutar da ta nuna tana nan: mayar da asalin mutum hujjar laifinsa.

Jera sunayen ƙabilu da launuka da ke cikin littafi ba sharhi ba ne, ƙidaya ce. Abin dubawa shi ne ko bambancin yana motsa labarin. A binciken kisa kuwa wannan yana da sauƙin gwadawa, domin bincike ya dogara ne ga wa ake yarda da maganarsa, wa ke da izinin shiga wane ɗaki, wa ke jin wane harshe, wa dogarai ke fara kamawa. Ɗauki labarin da mai kisa ya ari fuskar wani da tsafi, shaidu biyar suka rantse sun ga wanda aka ara fuskarsa. Sai wata makauniya mai aiki a gidan ta ce takun da ta ji ba nasa ba ne, aka yi watsi da ita saboda ba ta gani. A nan makantar tana cikin saƙar: ita ce dalilin da tsafin bai ci ta ba, ita ce kuma dalilin da aka ƙi sauraronta. Kwatanta da labarin da aka ce wani gurgu ne a shafi na 20, daga nan ya riƙa hawa matakalar hasumiya da gudu ba wanda ya sake tunawa.

Wasu gwaje-gwajen ba sa ɗaukar lokaci. Buɗe wata doguwar hira, rufe sunayen da yatsa, ka ga ko za ka gane mai magana daga kalamansa. Duba dalilin kowane wanda ake zargi: nasa ne na kansa, bashi, kishi, tsoro, gado, ko kuwa an ce mutanensu dama haka suke? Lura da wanda aka fara kashewa da wanda ake kashewa don kawai jarumi ya ji zafi. Idan kullum baƙon ne ko bawan ne ko mai naƙasar, akwai magana. Duba kuma ko akwai mutum biyu daga al'umma ɗaya da suka saɓa wa juna. Inda duk aljanun labari ra'ayinsu ɗaya, addininsu ɗaya, halinsu ɗaya, marubucin bai gina al'umma ba, mutum ɗaya ya yi wa kwafi.

Akwai aibin da masu sharhi ba su cika lura da shi ba saboda yana kama da kyautatawa. Wani marubucin yana tsoron a zarge shi da ƙyama, sai ya tsarkake duk wani tauraro da ya fito daga tsirarun jama'a: ba sa ƙarya, ba sa son kai, ba su da abin ɓoyewa. Mai karatu mai wayo yakan gane wannan da wuri, ya soke sunayensu daga jerin zargi, mutum takwas su koma uku. An cuci binciken, an kuma cuci taurarin, domin an hana su abin da aka bai wa sauran, wato damar zama mutum mai iya aikata laifi. A ganinmu wannan ya kai mayar da baƙo mugu lalata labari, sai dai bai kai shi muni ba.

Sai batun halittun almara da ake sa su tsaya a madadin wata al'umma ta gaske da ake zalunta. Dabarar tana aiki wani lokaci, amma tana da tarko. Idan a cikin labarin halittun da gaske suna shan jini ko suna rikiɗa su cinye maƙwabta, to tsoron da ake musu yana da tushe, kuma kwatancin ya koma zagi ga waɗanda aka so a kare. Haka nan a lura da labarin da ke warkar da mai naƙasa da tsafi a babin ƙarshe a matsayin lada, ko wanda dalilin kisan gaba ɗaya shi ne wai mai laifin yana da taɓin hankali.

A 1990 wata malamar adabin yara a Amurka, Rudine Sims Bishop, ta bayyana cewa littafi kan zama madubi ga wanda ya ga kansa a ciki, ya zama taga ga wanda ke leƙen rayuwar wasu. Mai sharhi ya san a ina yake tsaye. Idan ta taga kake leƙe, faɗi abin da ka gani a shafi, kada ka yanke hukuncin cewa an zana mutanen daidai ko ba daidai ba. Nemi sharhin waɗanda abin ya shafa, in ka samu ka nuna wa masu karatunka hanya.

Rubuta sharhin

Kalma 400 zuwa 700 sun wadatar. Fara da hukuncinka a jimla biyu, da irin mai karatun da littafin zai dace da shi. Bayanin labari kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na sharhin, kuma kada ya tsallake rubu'in farko na littafin: duniyar, mamacin, mai binciken, da abin da ya sa kisan ya zama abin ɗaure kai. In an yi kisa na biyu a tsakiya, ba ya cikin abin faɗa. Sauran wurin na tsafin ne, da adalcin warwara, da taurari. Salon rubutu da saurin tafiyar labari su samu sakin layi ɗaya, musamman in bayanin duniyar ya danne binciken, wanda shi ne ciwon da ya fi kama wannan nau'i: shafi sittin na tarihin masarautu kafin a ga gawa.

Kowane hukunci ya zo da shaidarsa. Maimakon ka ce tsarin tsafin ya burge ka, ka ce an kafa dokokinsa uku a babobin farko, ba a karya ko ɗaya ba, kuma da su aka warware kisan. Maimakon ka ce akwai taurari iri-iri, ka ce mai fassarar da ke tsakanin ɓangarorin biyu ita ce kaɗai ke jin abin da kowa ke faɗa, kuma marubucin ya san yadda zai mai da wannan makami a hannunta. Raba kuma abin da ba ka so da abin da ba a yi daidai ba. Rashin son labari mai yawan jini ɗanɗano ne, zoben da ya faɗo daga sama a babin ƙarshe aibi ne.

Fasa ƙwai ba sai an kama suna ba. Duk wanda ya rubuta cewa mai kisan shi ne wanda ba ka taɓa zato ba, ya ce a zargi wanda ya fi kowa kama da mai gaskiya. Wanda ya ce kada a yarda da mai ba da labarin ya gama da littafin. Haka wanda ya kwatanta ƙarshen da na wani sanannen littafi da kowa ya san sirrinsa, da wanda ya ce wance ta ba shi tausayi har ya yi hawaye, da wanda ya jera taurarin da yake fatan sake gani a littafi na biyu, domin duk wanda babu sunansa ko ya mutu ko shi ne mai laifin. Idan asalin wani tauraro sirri ne da labarin ke ɓoyewa, yabon marubucin a kan wannan asalin ma tonon asiri ne.

Wasu sukan kafa hujja da binciken da Jonathan Leavitt da Nicholas Christenfeld na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego suka wallafa a 2011, wanda ya nuna cewa sanin ƙarshen labari bai rage wa masu karatu jin daɗi ba, har ma ya ɗan ƙara. Sai dai gajerun labarai aka yi gwajin da su, kuma binciken wasu da ya biyo baya ya sami akasin haka. Ko ba wannan ba, wanda ya ɗauki labarin bincike yana so ne ya gwada kaifin basirarsa, kuma ba hurumin mai sharhi ba ne ya zaɓa masa.

Idan hujjarka ba ta tsayuwa sai ka taɓa ƙarshen, raba sharhin biyu, ka sa gargaɗi a sarari kafin kashi na biyu. Goodreads, shafin intanet na sharhin littattafai, yana da hanyar ɓoye wani yanki na rubutu ko sharhin gaba ɗaya, manhajojin hira na Telegram da Discord ma suna lulluɓe rubutu sai an taɓa shi. Inda babu irin wannan, kai kashi na biyu can ƙasa bayan tazara mai yawa, ka tabbatar layukan farko da ke bayyana kafin a buɗe rubutun ba su ɗauke da komai.

Ƙananan abubuwa uku: faɗi in littafin na cikin jeri ne da ko ana iya farawa daga shi, ambaci abubuwa masu tayar da hankali kamar azabtarwa ko cutar da yara ba tare da cewa wa ya yi wa wa ba, kuma in kyauta aka ba ka littafin don ka yi sharhi, ka faɗa. Game da maki, Goodreads tauraro ɗaya zuwa biyar yake karɓa babu rabi, StoryGraph, wani shafin irinsa, yana yarda da rubu'in tauraro. Tunda littafin aiki biyu yake yi, ba laifi ka rubuta maki biyu a cikin sharhin, ɗaya na binciken, ɗaya na duniyar da mutanenta, domin sau da yawa ɗaya yana tashi ɗayan ya faɗi.

Kafin ka wallafa, ba wani da bai karanta littafin ba ya duba, tare da jerin sunayen taurarin. Tambaye shi wa yake jin ya yi kisan, wa kuma yake jin zai mutu. Idan ya canka, ko ya iya soke mutum biyu daga jerin, sa shi ya nuna maka jimlar da ta ba shi haske, ka cire ta ko ka mayar da ita kashi na biyu.